Awon Cin Manhaja: Darasi Daga Gonakin Arewacin Kano

A ƙasashen Bichi da Dambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, gona na manne da gona, ba a barin fili ya huta sai ƙalilan. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna cewa ana noma kusan duk ƙasar kowace damina, kuma taki da kyakkyawan lissafi ne suke riƙe da ita. Inda abu ya yi ƙaranci, dole a san mai ci da yawan abin da yake ci. Wannan ka'ida ita ce kuma take tafiyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta.

Batun ya shafi ɗaliban yankin kai tsaye. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, alhali a ƙauye wutar lantarki ba ta da tabbas, na'urorin koyo kuma 'yan kaɗan ne. Kwamfutar da ta yi nauyi tana cinye lokacin darasi da cajin batir, sau da yawa kuma akan yanke mata hukuncin lalacewa, alhali manhaja guda ce ta danne sauran.

Duk manhajar da aka buɗe takan zama aiki mai gudana, kuma babbar manhajar da ke shugabancin na'ura, kamar Windows ko Linux, takan ba ta lamba, ta riƙa rubuta abin da ta ci. Abu na farko shi ne lokacin ƙwaƙwalwar sarrafawa. Kamar ma'aikatan gayya da ke zagaya gonaki, ƙwaƙwalwar takan ba kowane aiki ɗan lokaci, ƙasa da ƙiftawar ido, sannan ta wuce ga na gaba. Alal misali, idan cikin daƙiƙa 10 wani aiki ya samu daƙiƙa 2, an ce ya ci kashi 20 cikin ɗari. Ke nan adadin matsakaici ne na wani tsawon lokaci, shi ya sa kallo ɗaya ba ya isa hujja.

Abu na biyu shi ne ma'adanar wucin gadi, wadda ake kira RAM. Ita ce tabarmar da ake baza hatsin da ake aiki da shi yanzu, faifan ajiya kuwa shi ne rumbu. Idan tabarma ta cika, sai na'ura ta riƙa kai kaya rumbu tana ɗaukowa, kuma wannan jigila ce take sa ta jan ƙafa.

Awon ma'adanar yana da sarƙaƙiya irin ta gandu da gayauna. Kowane aiki yana da gayaunarsa, amma akwai gandun da ayyuka da yawa suke tarayya a kai. A ɗauka ayyuka 3 ne, kowanne da megabayit 20 na kansa, suna kuma tarayya a kan megabayit 30. Idan aka lissafa wa kowanne gandun gaba ɗaya, zai zama 50, jimla 150, alhali abin da aka ci a zahiri 90 ne. Saboda haka Linux take da wani awo da ke raba gandun daidai, kowanne ya tashi da 30.

Mudun awon yana cikin na'urar, ba a sayensa. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, wanda David Plummer ya rubuta, ya kuma fito cikin Windows NT 4.0 a 1996. A Linux akwai umarnin top, wanda William LeFebvre ya fara rubutawa a 1984. Sai dai mudun kowace kasuwa daban: a na'ura mai ƙwaƙwalwa 4, top na iya nuna aiki guda ya ci kashi 400, domin kowace ƙwaƙwalwa ɗari ce a wurinsa, Task Manager kuwa yana ɗaukar dukkansu a matsayin ɗari guda. Wayoyin Android, waɗanda aka gina kan Linux, su ma suna nuna kason batir da kowace manhaja ta sha.

Malami na iya mayar da wannan gwajin aji. Ɗalibai su buɗe manhaja guda, su rubuta cinta duk minti 5 har tsawon awa ɗaya, su zana jadawali. Idan layin ma'adana ya hau ya sauka, lafiya lau. Idan kuwa ya yi ta hawa alhali ba a ƙara mata aiki ba, alama ce ta yoyo, wato manhajar tana karɓar fili ba ta mayarwa, kuma rufe ta a sake buɗewa yakan dawo da filin. Amma a kula: kada a kashe aikin da ba a san shi ba, domin wasu na shugabancin na'urar ne.

Makarantar da ta koya wa ɗalibanta wannan awo ta rage kuɗin gyara, ta kuma tsawaita amfanin tsofaffin na'urorinta. Da ma Bahaushe ya ce, da hanau gara mannau.