BABI NA HUƊU: CINIKIN TUFAFIN YAYI MASU ARAHA TA INTANET A BIRNIN KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan suturar Hausawan cikin birnin Kano da sana'o'in da ke samar da ita, wato saƙa da rini da bugu da ɗinki. A wannan babi kuma za a dubi cinikin tufafin yayi masu araha ta intanet. Za a fara da ma'anarsu da asalinsu, sa'annan a kawo yadda suke shigowa cikin ganuwa da dalilan da suka sa suka karɓu. Daga ƙarshe za a auna cinikin a kan ma'aunin addini da al'ada, domin a ga wanda ke cin ribar arahar da wanda ke biyan kuɗinta.

4.1 Ma'anar Tufafin Yayi

Abin da ake nufi da tufafin yayi a wannan nazari shi ne kayan sawa ɗinkakku waɗanda ake yi cikin gaggawa, da yadi mai sauƙin kuɗi, domin a cim ma wani salo kafin lokacinsa ya wuce. Ba a yin su don su daɗe. Kamfanonin da suka fara shahara da wannan tsari su ne Zara na ƙasar Sifen da H&M na ƙasar Suwidin, waɗanda ke da manyan kantuna. Daga baya aka sami waɗanda kasuwarsu galibi a cikin waya take, kamar Shein, wanda ya faro daga ƙasar Sin, da Temu, wanda aka buɗe a Amurka a watan Satumba na shekarar 2022, ya shigo Nijeriya a ƙarshen shekarar 2024.

Dabarar Shein ita ce a ɗinka sabon salo kaɗan, kamar guda ɗari ko ɗari biyu, a ƙananan masana'antun birnin Guangzhou, a sa hotonsa a manhaja. Idan masu saye suka yi masa ca, sai a ƙara ɗinkawa. Idan bai karɓu ba, sai a bar shi a koma wani. Yawancin yadin kuwa na roba ne wanda ake samarwa daga man fetur. Waɗannan abubuwa biyu, tare da arahar ƙwadago, su ne tushen sauƙin farashin.

4.2 Matsayin Kano a Harkar Tufafi

Kafin a fahimci nauyin wannan canji, wajibi ne a waiwayi baya. Tarihi ya jingina kafa Kasuwar Kurmi ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, allon da ke bakin marinar Ƙofar Mata kuma yana ɗauke da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta kuɗin tufafin da ake yi a shekara da wuri miliyan 300. Sunayen wurare kamar Soron Ɗinki da Karofin Zage shaida ne na yadda sana'ar ta zauna a cikin birni.

Bayan zuwan Turawa an kafa masaƙun zamani, tun daga ta Kaduna a 1957 har zuwa na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Waɗannan masaƙu sun fara durƙushewa bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki, ga fasa-ƙwauri. A farkon shekarar 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar duniya da ta ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa za su fitar, kayan Sin suka mamaye kasuwanni. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki a 2007. A 2012 jami'an shige da fice sun kama wasu 'yan kasuwar Sin a Kantin Kwari, a 2015 kuma marina suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II suna kukan cewa rinannun yaduka daga Sin sun raba su da abincinsu. Ke nan, cinikin intanet ya tarar da sana'ar tana jinya, ya kuma ƙara mata ciwo, domin a da yadi ake shigowa da shi tela ya sami na ɗinki, yanzu kuwa a ɗinke kayan ke zuwa.

4.3 Yadda Kayan ke Shiga Cikin Birni

Hanyoyin da kayan nan ke bi su kai ga mai sawa iri uku ne. Ta farko ita ce mutum ya shiga manhajar kamfani kamar Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, ko AliExpress ko Temu, ya zaɓa, ya biya da katin banki, ya jira. Wannan hanya ta fi yawa a tsakanin ɗalibai da ma'aikata.

Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi a cikin ganuwa, ita ce ta mata masu sana'a a cikin gida. Mace za ta ɗora hotunan dogayen riguna da abaya da gyale da kayan yara a WhatsApp ko Instagram ko TikTok. Masu so su tura kuɗi, ita kuma ta haɗa odar ta aika wa wakili a Sin ko Dubai ko Legas. Bayan makonni kaya su iso, a raba ta hannun ɗan aike ko ɗan sahu. A nan za a ga cewa tsohuwar sana'ar dillanci ce ta sake riga. A da dillaliya ke ɗaukar ƙullin kaya tana shiga gida-gida, ko a aiki yara da talla. Yanzu waya ta ɗauke wannan zirga-zirga.

Ta uku ita ce ta 'yan kasuwar Kantin Kwari da Ƙofar Wambai waɗanda ke saro kayan da yawa, su ba matasa hotuna su tallata, kowa ya ɗora ribarsa.

4.4 Dalilan Karɓuwarsu

Dalili na farko shi ne matsin tattalin arziki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Magidancin da ke da 'ya'ya shida ko bakwai, idan ya lissafa kuɗin shadda da atamfa da ladan ɗinki da na aiki, sai ya ga ɗinkakkiyar riga ta fi masa sauƙi, duk da ita ma ta tashi. Ga irin wannan mutum, arahar ita ce ke fitar da shi kunyar iyali ranar salla.

Na biyu shi ne yawan bukukuwa. Bahaushen birni yana da lokutan da al'ada ta ɗora masa sabuwar sutura: ƙaramar salla da babba, da Mauludi da Takutaha, da suna, da biki. Bikin aure kansa ya ƙaru da kamu da wuni da dina da walima, kusan kowanne da ankonsa. Ga kuma lefe, wanda ake ƙirga akwatunansa a gaban dangi. Inda ake kallon yawa, kaya masu araha su ke cika akwati.

Na uku shi ne hoto. A da mutum kan maimaita riga a bukukuwa da dama ba wanda ya damu. Yanzu duk taro sai an ɗauki hoto an watsa, budurwa kuma tana jin nauyin a sake ganinta da kayan da aka riga aka gani.

Na huɗu shi ne sauƙi da sirri. Matar da ba ta fita kasuwa tana iya zaɓen abin da take so da kanta tana ɗakinta, ba sai ta dogara da zaɓin miji ko ɗan aike ba. Har ila yau, kayan sun raba mutane da saɓa alkawarin da wasu teloli ke yi a jajibirin salla. Bugu da ƙari, sana'ar ta ba mata da yawa jari da abin rufin asiri, wanda alheri ne da bai kamata a raina ba.

4.5 Matsalolin da ke Tattare da Cinikin

4.5.1 Cinikin Biri a Sama

Bahaushe ya saba ya taɓa yadi, ya murza, ya ɗaga shi a rana, wani lokaci har ya jiƙa gefensa ya ga ko yana zuba. A waya kuwa hoto kawai ake gani, kuma sau da yawa an gyara shi. Kukan da aka fi ji shi ne launi ya bambanta, ko yadi ya zo shara-shara, ko awo bai yi daidai ba, mai sayarwa kuma ta ce ba a mayar da kaya. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi siffa cikakkiya, amma sun ba mai saye damar fasawa idan kayan suka saɓa wa siffar, ko aka sami aibin da aka ɓoye. Saboda haka sharaɗin hana mayar da kayan da suka saɓa wa hotonsu ya ci karo da wannan ƙa'ida, ɗora hoton mai kyau a aiko da na banza kuwa algus ne. Matsalar ba ta tsaya ga ƙananan dillalai ba: a watan Yuli na 2025 hukumomin Faransa sun ci Shein tarar yuro miliyan 40 saboda yaudarar masu saye da rangwamen ƙarya.

4.5.2 Haƙƙin Masu Ɗinki

Idan riga ta yi arahar da ta wuce hankali, akwai wanda aka tauye. A ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a ƙasar Bangaladash, ya kashe mutane sama da 1,100, yawancinsu masu ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka kaya. A 2021 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta ba da rahoton cewa ma'aikata a wasu masana'antun da ke yi wa Shein ɗinki suna aikin awa 75 a mako, kamfanin da kansa kuma ya amsa cewa an sami yara ƙanana suna aiki a wurare biyu na masu yi masa ɗinki a 2023. Mai saye a Mandawari ko Yakasai bai san waɗannan mutane ba. Amma addininsa ya hore shi da biyan ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci, don haka tambayar ta shafe shi gwargwadon saninsa da ikonsa.

4.5.3 Makomar Sana'o'in Gida

Babbar riga guda ta gargajiya kan ratsa hannun manomin auduga da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da maɗinki. Kowane ɗayansu gida yake ciyarwa, yana kuma koya wa na baya. Ɗinkakkiyar rigar waje ba ta barin komai a gari sai ribar dillali da ladan ɗan aike. Wanda ya je Ƙofar Mata zai ga yawancin rijiyoyin rini a bushe. Idan sana'a ta mutu, kalmominta ma kan bi ta. Matasa kaɗan ne a yau za su iya bambance saƙi da barage da tsamiya, ko su faɗi abin da ake nufi da katsi da zarta. Wannan hasara ce ga harshen Hausa kansa.

4.5.4 Almubazzaranci da Muhalli

A al'adar Bahaushe tufa ba ta mutuwa da wuri. Idan mai ita ya gaji, sai ya ba da kwance ga ƙane ko bara ko almajiri. Idan ta ƙara tsufa, zane ya koma na goyo, daga nan ya zama tsumma. Yadin roba mai araha kan koɗe ko ya yage bayan 'yan wanki kaɗan, ba ya isa a yi kwance da shi, ba ya shan ruwa balle ya yi tsumma, ba ya kuma ruɓewa. Ƙarshensa bola, ko ya haɗu da leda ya toshe magudanan da ke zuba a Jakara, ko a ƙone shi hayaƙin ya koma ƙirjin jama'a. Ga shi yana riƙe zafi a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Wanda ya sayi riga huɗu a shekara saboda kowace ta lalace, ya kashe abin da zai sayi guda mai ƙarko, shi ya sa Hausawa ke cewa sayen nagari mai da kuɗi gida.

4.6 Wa ke da Alhaki?

Ba adalci ba ne a ɗora laifin a kan talakan da ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Dama can da gwanjon Ƙofar Wambai yake rufa wa kansa asiri. Ya kamata a bambance mai saye don buƙata da mai saye don gasa, domin na biyun ne ya faɗa almubazzaranci. Dillaliya alhakinta shi ne ta faɗi gaskiyar kaya, ta ɗauki hoton abin da ke hannunta, ta karɓi wanda ya saɓa. Iyaye da masu unguwanni da malamai suna da ta cewa wajen rage yawan anko da lefe. Hukuma kuwa ita ke da nauyin samar da wutar lantarki da kare haƙƙin mai saye, domin tela mai ɗinki da janareto ba zai iya gasa da masana'antar Guangzhou ba. Su ma marina da maɗinka za su iya cin moriyar wayar nan, tunda wasunsu sun fara tallata rini da ɗinkin hannu ta Instagram ga masu saye a Legas da ƙasashen waje.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tufafin yayi sun karɓu a birnin Kano ne saboda tsadar rayuwa, da yawan bukukuwa, da hoto, da sauƙin saye. An kuma ga cewa arahar tana da masu biyan kuɗinta, wato mai sayen da aka yaudara, da ma'aikacin da aka tauye, da marini da telan da suka rasa ciniki, da unguwar da magudanarta ta toshe. Babi na gaba zai dubi sababbin kalmomi da salon magana da wannan ciniki ya shigo da su cikin Hausar matasan birni.