Daga Zariya Zuwa Gambiya: Binciken Da Ya Kare Huhun Jarirai

Duk uwar da ta taɓa kwana a zaune tana kallon haƙarƙarin ɗanta yana lotsawa ta san tashin hankalin nimoniya. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin cutar da ke haddasa ta ita ce nimokokas, wadda ke cika huhu da ruwa da mugunya.

Allurar da muke yi wa jarirai saboda wannan ƙwaya ta ci wa masana shekaru. Cikinsu akwai Farfesa Brian Greenwood, likita ɗan Ingila. Ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1970, ya shekara goma yana nazarin sanƙarau da yadda garkuwar jiki ke yaƙar cuta. A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike ta MRC.

Matsalar da masana suka fuskanta ita ce, ƙwayar tana lulluɓe da wani ɓawo mai kama da sukari, wanda garkuwar yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba ta iya gane shi sosai. Shi ya sa tsohuwar allurar ba ta amfani jarirai ba. Da aka haɗa ɓawon da sinadarin furotin, sai jikin jariri ya gane shi ya kuma riƙe. An gwada sabuwar allurar a kan yara sama da 17,000 a Gambiya. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna nimoniyar da ake gani a hoton ƙirji ta ragu da kashi 37 cikin 100, mace-macen yara kuma da kashi 16. Nijeriya ta fara ba da ita a 2014.

Uwargida, a watanni ukun ƙarshe na ciki garkuwarki tana ratsa mabiyiya zuwa ga jariri, dakashi kuma yana ƙara masa. Amma wannan aro ne, yana raguwa cikin 'yan watanni. Don haka a kawo shi rigakafi a sati 6, da 10, da 14. Maigida, wannan nauyi har da kai.

Idan jaririn da bai kai wata biyu ba yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzayo asibiti ko da tsakar dare ne.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana zuriya.