Bayan an naɗe tabarmin makoki a Bunkure da Kura

Ranar Alhamis 27 ga Maris 2025, ana saura kwana kaɗan Ƙaramar Salla, aka tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano da ke hanyar dawowa gida daga Fatakwal. Da dama daga cikinsu mutanen Torankawa ne, a ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya tako har Kano ya yi ta'aziyya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya karɓe shi, aka yi alkawarin diyya da hukunta masu laifi. Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Barau Jibrin, ya sanar da naira miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci. Ba a gama share hawayen wannan ba, ranar 31 ga Mayu motar da ta ɗauko 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a wajen Chiromawa, kan titin Zariya zuwa Kano, mutum 22 suka rasu. Rashi biyu masu girgiza a shiyya ɗaya, cikin wata biyu da 'yan kwanaki.

Duk wanda ya bi zancen a rediyo ko a majalisar masu shayi ya san inda muhawara ta tsaya: nawa aka bayar, wa ya bayar, an cika alkawari ko ba a cika ba. Tambayoyi ne na gaskiya, diyya haƙƙi ce, kada a saki. Amma akwai maganar da ke biyo baya, wadda ake faɗa cikin sauƙi kamar ba komai: "Ai an ba su kuɗi, sai su yi haƙuri." Tana da abokiyar tafiya, wadda ake jefa wa uwar da aka ga har yanzu tana kuka bayan arba'in: "Haba, sai ka ce ba musulma ba?"

Wannan magana ta biyu ita ta fi ci mini rai, domin da sunan addini ake yin ta, alhali addinin bai faɗe ta ba. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, yaga tufafi, marin fuska, da furucin da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hawaye ba ya ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Annabi Yaƙubu ya yi ta jimamin Yusufu shekaru har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce masa mai raunin imani. Da labarin rasuwar Ja'afar ya iso daga Mu'uta, umarnin da aka bayar shi ne maƙwabta su dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa a wurare da yawa mun juya abin: gidan mamaci ne ke ɗora tukunya don baƙi, ranar uku, ranar bakwai, ranar arba'in, wani lokaci da kuɗin marayu.

Likitoci ba su ɗauki jimami a matsayin cuta ba. Yawancin waɗanda aka yi wa rasuwa sukan sha wuya na wasu watanni, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, daga baya a hankali su koma harkokinsu da ciwon a zuci. Sai dai akwai waɗanda abin ke tsaya musu cak. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022 ya ware wa wannan hali gurbi na kansa: jimamin da ya haura aƙalla wata shida, ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi, begen mamacin ya mamaye tunani, har mutum ya kasa kula da kansa, ko 'ya'yansa, ko sana'arsa. Nazarin da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa idan mutuwar ta rashin lafiya ce ko tsufa, kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan da aka bari ke faɗawa wannan hali. Idan kuwa kisa ne, ko haɗari, ko bala'i, adadin yakan kai kusan rabi. A duba Torankawa da wannan ido. Ba jinya suka yi ba balle su shirya. A can Uromi aka binne gawarwakin, iyalai ba su yi wanka ba, ba su ga likkafani ba, ba kabarin da za su kai ziyara. Ga kuma bidiyon kisan yana yawo a wayoyi, yaran gidan ma suna iya cin karo da shi.

A ƙasar Hausa ba kasafai irin wannan ke zuwa da sunansa ba. Ba za ka ji mace ta ce tana fama da jimami ba. Cewa za ta yi kanta na sarawa, ƙirjinta ya yi nauyi, gabanta na faɗuwa, jikinta ba ƙarfi. A kai ta kemis a sayo maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. In abin ya ƙi, a ce hawan jini ne, ko iska, ko sammu. Namiji kuwa ko wannan ba zai faɗa ba. Sai dai a ga ya daina zama a majalisa, ya yawaita faɗa a gida, ko saurayin da ya rasa uba ya koma shaye-shaye, a yi ta zaginsa ba wanda ya tuna daga ina abin ya faro.

Yanzu mu zo gona, domin a wannan yanki ba a raba rashi da gona. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rayuwar Kura, Bunkure da Garun Malam take tafiya da ruwan kanal: shinkafa da damina, alkama, tumatir, albasa da masara da rani. Noma ne mai cin kuɗi tun kafin ya ba da kuɗi. Iri, taki, maganin feshi, 'yan ƙwadago, sau da yawa duk bashi ne da za a biya bayan girbi. To maigida ya faɗi ya mutu tumatir na fure. Ban ruwa ba ya jiran a gama zaman makoki. Kwana uku ana zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ana "Allah ya jiƙan rai, ya haƙuri", gona tana bushewa. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, wanda kusan tsawon kakar noman rani ne gaba ɗaya. Ko da malaman Malikiyya sun yarda mai takaba ta fita da rana don buƙata ta dawo ta kwana a ɗakinta, al'ada takan matse fiye da haka, kuma dama ba ita ke shiga gonar ba. Tukunyar turara shinkafar da take samun na cefane da ita ta kife a bayan ɗaki. Kafin a raba gado mai bashin taki ya yi sallama. Nan ake jinginar da gonar, kuma gonar da aka jinginar cikin matsi ba kasafai take dawowa ba. Ta yaya za a ce wa wannan mata ta kwantar da hankalinta?

Manomin wannan yanki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke damun tallafinmu. Ya san in aka buɗe ƙofa aka sako wa gona ruwan kaka guda a yini ɗaya, kunya za ta rushe, taki ya wanke, saiwa ta ruɓe, bayan mako uku kuma shukar ta mutu da ƙishi. Ruwan bai yi kaɗan ba, rabon ne bai yi daidai ba. Haka muke yi wa masu makoki. Makon farko jerin gwanon motoci, buhunan shinkafa, ambulan ɗin kuɗi, masu ɗaukar hoto. Kuɗin ya shigo lokacin da matar gidan ba ta cikin hayyacinta, gida cike da dangi, kowa da shawararsa, kowa da buƙatarsa. Zuwa ranar da za ta fita takaba, ranar da za a yanke ko za ta zauna da 'ya'yanta ko ta koma gidan iyayenta a raba yaran ga baffanni, ba ka jin motsin kowa. Kuma wannan fa ga waɗanda rashinsu ya shiga labarai ke nan. Wanda ya nutse a kanal, wanda mota ta kaɗe a titin Kura, wadda ta rasu wurin haihuwa ta bar biyar, su ko ambaliyar makon farkon ba sa gani.

Masu taimako suna nan, ba ƙarancinsu ake yi ba. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, akwai Hisba, akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, akwai matan FOMWAN da malaman Islamiyya na matan aure, akwai attajiran shinkafa da ba sa son a ambaci sunansu. Matsalar ita ce kowa nasa yake yi. Gida ɗaya ya sami buhu uku da azumi, na kusa da shi bai sami ko mudu ba, don ba wanda ke riƙe da takarda guda da ke nuna wa aka yi wa rasuwa, yaushe, yara nawa aka bari, wa ke kula da gonar, wa ya leƙa su a watan jiya. Jami'an gwamnati kuwa, in za a faɗi gaskiya, sun fi ƙwazo wajen ziyarar da za a nuna a talabijin.

Abin da ya sa nake ganin wannan yanki ya fi wasu damar gyarawa shi ne yana da tsarin da sauran ƙauyuka ba su da shi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa lokacin gyaran kanal-kanal ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sun san kowace gona da mai ita, suna karɓar kuɗin ruwa, suna kiran taro, suna fitar da mutane yasar magudanai. Ƙungiyar da ta iya wannan za ta iya ɗaukar alkawari ɗaya: duk manomin da ya rasu da shuka a ƙasa, maƙwabtan gonarsa za su riƙe masa ban ruwa da feshi har girbi, a kai amfanin gida a gaban shaidu, a zauna da masu bashi a nema wa iyali lamuni. Gayya ce, ba wani sabon abu ba, illa dai a rubuta ta ta zama ƙa'ida, kada ta dogara da ko mamacin mai jama'a ne.

Batun kuɗi na buƙatar a yi shi da malamai a kusa. Zakkar shinkafa da alkama tana da waɗanda aka ƙayyade mata. Bazawara da marayu in matalauta ne sun shiga, a ba su kai tsaye. Amma kuɗin mota na mai kai wa masu makoki ziyara, da horar da ita, da littafin rajista, waɗannan sun fi dacewa da sadaka da hubusi. Attajiri ɗaya ya ba da hubusin gona eka biyu a bakin kanal, amfaninta na shiga wani asusu na masu makoki kowace kaka, ya fi a jira wata ƙungiya daga waje da za ta zo da shiri na shekara biyu ta tafi. In ƙungiyoyin sun zo, maraba, amma su zuba a wannan asusun, su bi wannan rajistar, maimakon kowace ta buga tata riga da hula.

Saura masu sauraro. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta kai likita Torankawa gobe ba. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fuskanci irin wannan giɓi, sai ya horar da tsofaffin mata 'yan unguwa su zauna kan benci a harabar asibitocin Harare, su saurari masu damuwa, su taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, zama shida. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da su ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin da bai zauna da su ba rabi ne. Gwajin kan damuwa aka yi shi, ba kan makoki kai tsaye ba, amma darasin ya shafe mu, domin irin waɗannan matan muna da su: ungozoma, mai wankan gawa, malamar Islamiyya, waɗanda dama ke shiga kowane gida ba a tambaye su dalili. Abin da za a ƙara musu kaɗan ne. Su iya sauraro ba tare da sun rufe wa mutum baki da "yi haƙuri" tun bai gama magana ba. Su riƙe sirri, domin a ƙauye wannan shi ne zai raya shirin ko ya kashe shi. Su koma gidan bayan arba'in, da ranar fita takaba, da wata na shida. Maza kuma a sami liman ko dattijo da zai yi musu haka.

Su kuma san iyakarsu. Wadda ta daina cin abinci, ko ta yi makonni ba barci, ko take cewa gara ta bi mamacin, ko yaron da ya daina magana tun da ya ga bidiyon, waɗannan ba na lallashi ba ne. A kai su Babban Asibitin Kura, daga nan in ta kama a tura su Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, asusun ya biya kuɗin mota da na magani, a haɗa su da ɗan rakiya. Sau ɗaya a kowace kaka kuma, bayan girbi, ma'aji ya tashi a taron ƙungiya, gaban mai gari da liman, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da adadin gidajen da aka kai wa, ba tare da ya kama sunan kowa ba.