Ƙwayar Da Aka Ji Tsoron Ba Ungozoma

Mai karatu, ka ɗauka kai ke kwana a ɗakin haihuwa na likitar Jiratawa. Ƙarfe biyu na dare, mace ta sauka lafiya, jariri ya yi kuka, dangi a waje sun fara barka. Sai ka duba ƙasa ka ga jini bai tsaya ba. Babban likita yana cikin Maraɗi, motar da za ta kai ta can sai an nemo ta, kuma irin wannan zubar jini kan iya kashe mace cikin awa biyu. Ga magani a cikin akwati kusa da hannunka. Za ka ba ta, ko za ka jira wanda ke da ikon rubuta takarda?

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masu tsara dokokin lafiya a duniya, kuma maganin da ake gardama a kansa labarinsa abin mamaki ne. Sunansa misoprostol. Kamfanin Searle na Amurka ya fito da shi cikin shekarun 1980 da sunan Cytotec, don masu gyambon ciki. A jikin kwalinsa an yi gargaɗi kada mai juna biyu ta sha, domin yana murɗa mahaifa. Matan Birazil suka karanta gargaɗin, suka mai da shi hanyar zubar da ciki a ɓoye. Daga nan baƙin jini ya bi ƙwayar ko'ina.

To amma wannan murɗawar ita ce ainihin abin da mai jego ke buƙata idan mahaifarta ta saki bayan fitar mabiyiya. Akwai allurar oksitosin da ta fi shi aiki, sai dai tana son firji, tana son mai yin allura. Wanda ya san zafin Maraɗi a watan Afrilu ya san abin da ke samun maganin da ya kwana ba sanyi. Ita kuwa ƙwayar nan a aljihu ma tana zama, ƙarƙashin harshe ake sa ta. Duk da haka sai a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan dole don rigakafin zubar jini bayan haihuwa. Tsoron kada a yi ɓarna da ita ya sa ƙasashe da dama suka yi ta jan ƙafa wajen sakin ta ga ƙananan ma'aikata. Abin yana ci mini rai idan na tuna yadda tramol ke yawo a faranti a tashoshin motarmu ba mai tambayar takarda, alhali matar da ta yi shekaru tana koyon karɓar haihuwa ita ake wa kallon zargi.

Da kai ne ministan lafiya, mai karatu, wane tsoro za ka fi ji?

Nijar ta zaɓi ta yarda da ungozomominta. Ma'aikatar lafiya ta haɗa kai da wata ƙungiya mai suna Health and Development International, ƙarƙashin Dokta Anders Seim ɗan Norwe da Dokta Zeidou Alassoum ɗan ƙasa, aka horar da ungozomomi da malaman jinya, aka raba musu kayan aiki har ƙananan likitocin karkara irin na Tibiri da Jiratawa. Kayan kuwa za su ba ka mamaki. Da farko ƙyalle ne da aka auna, wanda idan ya jiƙe sharkaf an san jinin ya kai rabin lita, ba sauran kintace da ido. Ya jiƙe? A ba da ƙwaya nan take. Idan bayan minti 20 jinin bai tsaya ba, sai ungozoma ta ɗauko kororon roba. E, shi dai wanda ka sani. Ta ɗaure shi a bakin siririn tiyo, ta sa cikin mahaifa, ta ɗura masa ruwa har ya kumbura ya danne jijiyoyin da ke zuba. Wata likita ƴar Bangaladash, Sayeba Akhter, ita ta ƙago wannan dabara a Dhaka. Idan shi ma bai isa ba, a naɗe mai jego daga ƙafafu zuwa ciki da wata rigar roba mai matsewa, wadda ke kora jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, har a isa babban asibiti inda ake ƙarin jini da tiyata.

Me ya biyo baya? An bi lissafin shekara shida, daga 2015 zuwa 2020, mujallar Lancet Global Health ta buga shi a 2023. Kafin shirin, kusan 32 cikin 100 na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a asibitocin Nijar zubar jini ne ke kashe su. Adadin ya sauko ƙasa da 10. Masu binciken sun ƙiyasta mata 1,417 ne suka tsira. Ka tsaya ka ƙirga marayun da ba a yi ba.

A 2023 ɗin dai Kano ma ta ba da shaida. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani gwaji a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, inda ungozoma ke auna jini da leda mai ma'auni, ta haɗa magungunan duka lokaci guda maimakon jiran ɗaya ya gaza. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Sai dai lissafin Nijar na matan da suka haihu a asibiti ne. Wadda naƙuda ta kama a ɗakinta, tsohuwar unguwa na kanta, ba ta ciki. A wasu ƙauyukan Zariya, masana Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada kai ƙwayar har hannun ungozomomin gargajiya da masu haihuwa a gida. Ga tsohuwa ba ta karatun boko, ga ƙwaya wadda idan aka sha ta kafin jariri ya fito tana iya fasa mahaifa, ga kuma asibiti da nisa. Mai karatu, ita kuma za ka ba ta?