Filin Manoma: Yadda Ake Horar Da Sabuwar Giyar Mota Mai Canja Kanta

Tun da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, tafki ya cika, aka tayar da Gungawa da sauran mazauna bakin Kwara zuwa sababbin garuruwa, noman rani da su suka ƙara ƙarfi a ƙasar Yawuri. Albasa da shinkafa da busasshen kifi na Ngaski da Shanga da Wara duk a mota suke isa kasuwar Yelwa, daga nan su kama hanyar Kwantagora zuwa Kudu, ko hanyar Koko da Jega zuwa Sakkwato. Saboda haka motar ɗaukar kaya ta zama kamar jakin manomi. In ta kwanta lokacin cirar albasa, to, kaya na zube a rana suna ruɓewa, mai su kuwa sai ya sayar yadda ɗan kasuwa ya ga dama.

Da yawa cikin a-kori-kura da ƙananan motocin lodi da ake shigowa da su suna da giya mai canja kanta, watau otomatik. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irinta da yawa cikin motocin 1940. In ta lalace aka sa wata, sabuwa ce ko 'yar Kwatano, makonnin farko su ne ke nuna ko za ta yi ƙarko. Manomi ya san ba a ɗaura wa ɗan sa garma ya yini yana huɗa ran da aka sayo shi. Haka giya take.

Yadda take aiki

Wannan giya ba ta da kulocin da ake takawa da ƙafa. Tsakaninta da inji akwai wani ƙarfe mai kama da tukunya, cike da mai. Inji na juya man, man kuma shi ke tura giya. Har wa yau man nan shi ke matse faifan kuloci da ke ciki in za a canja giya, shi ke hana ƙarafa cin juna, shi kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto a sanyaya. Watau aiki huɗu ke kansa. Yana jin daɗin aiki in zafinsa bai wuce digiri 80 zuwa 90 ba. In ya kai 120 sai ya soma ƙonewa. Ga shi kuwa a Yelwa zafin watan Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, daidai lokacin jigilar albasa. Zafi shi ne babban abokin gabar wannan giya.

Kafin mota ta bar gareji

Na farko, lalle bakanike ya wanke bututun da ke kai mai lagireto. Tsohuwar giya in ta ci kanta takan bar garin ƙarfe a ciki, in ba a fitar ba sai ya koma cikin sabuwa ya kashe ta.

Na biyu, a zuba mai cikin tukunyar nan kafin a sa ta, a kuma tabbata ta zauna sosai. In aka ɗaure noti ba ta gama shiga ba, famfon mai ya fashe tun tayarwar farko.

Na uku, a zuba irin man da masu ƙera motar suka ce, ko Dexron, ko Mercon, ko WS na Toyota. Sunansa na rubuce cikin littafin mota, wani lokaci kuma a jikin ma'aunin mai. Baƙin man inji ko man giyar hannu mai kauri ba sa shiga nan ko kaɗan.

Na huɗu, saiti. Tsofaffin motoci suna da waya daga totur zuwa giya. In ta yi sako-sako, giya za ta riƙa canjawa da wuri tana sulɓewa, faifai su ƙone. In ta ɗame ainun, sai ta makara, ta canja da fizga. Motocin da kwamfuta ke sarrafa giyarsu kuwa, sai a sa na'ura a goge abin da kwamfutar ta saba da shi na tsohuwar giya, domin ta koyi sabuwa.

Awon mai

A tsai da mota wuri mai daidai, inji ya yi ɗumi, yana aiki. Direba ya taka birki, ya bi da sandar giya kan P, R, N, D, yana ɗan dakatawa a kowanne, sa'an nan ya mayar P ya zaro ma'auni. Mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Ƙaranci na sa sulɓewa, cikawa fiye da kima kuma na sa kumfa. Wadda ba ta da ma'auni sai a kai wa bakanike. Lafiyayyen mai yawanci ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, giya na ƙonewa. In ya koma fari-fari kamar an dama da nono, ruwa ya shiga, kada a ƙara tafiya.

Mil 500 na farko

Cikin mil 500 na farko, watau kilomita 800, a bi da mota sannu. Kada a yi mata cikakken lodi, rabi ya isa. Gara sawu biyu da rabin kaya da sawu ɗaya wanda zai ƙare a bakin hanya. A taka totur a hankali, a bar ta ta bi giyoyinta ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa, a gari da kan kwalta. A fita da sassafe ko da yamma. Wajen hawa ko yashi, in an ji tana ta canje-canje sama da ƙasa, a sa ta a 2 ko L. Kada a sa R sai mota ta tsaya cik. Kowace safiya a leƙa ƙarƙashinta ko ja-jan mai ya ɗiga. Bayan an cika mil ɗin nan a koma gareji a duba mai da matatarsa, in da datti a canja.

Fadama da bakin tafki

Abin da ya fi kashe giya a ƙasar nan shi ne taɓo. Mota ta kafe a fadama, direba ya yi ta jefa ta D da R yana ba ta wuta, cikin 'yan mintoci mai ya tafasa. Abin yi shi ne a sauke kaya, a haƙa, a sa itace ko kara ƙarƙashin taya. Mafi kyau ma, amalanke ta fito da buhuna kan tudu mota ta ɗauka. Kada a tsallaka ruwa mai zurfi, domin giya na da ƙofar shan iska, nan ruwa ke shiga. Kuma ba a tayar da wannan mota da turi. In ta mutu za a ja ta nesa, a kwance furofela tukuna, don famfon mai ba ya aiki sai inji na juyawa.

Manoman da suka haɗa kuɗi suka sayi mota, ya kamata su sa a yi gyaran giya tun kaka, don ta gama horo kafin albasa ta nuna. Su kuma riƙe ɗan littafi na rubuta ranar da aka sa giya, da irin man, da yawan mil. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.