Gyaran Amfilifaya a Legas: Yaushe Yake Biya, Yaushe Yake Zama Hasara

LEGAS — Ga makaɗan jita da masu ba da hayar lasifika don bukukuwa da wa'azi a Agege da Mile 2, amfilifaya ita ce uwar jari. Ranar da ta yi shiru, ciniki ya tsaya.

Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tayar da komaɗar tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sababbin kayan lantarki suka yi tsada. Wannan ya sa jama'a suka koma ga na hannu, waɗanda ake kira tokunbo, musamman a kasuwar Alaba da ke Ojo, kan hanyar Badagry. Sakin naira da aka yi a 2023 ya ƙara tsananta al'amarin. Dalili kuwa shi ne, na'urar da dala ake shigo da ita, ladan mai gyara kuwa da naira ake biya.

Yawancin matsalar tana kan allon da ke cikin na'urar, wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin tagulla masu kai wuta daga wannan sashe zuwa wancan. Danshin Legas yana cin tagullar, girgizar mota tana tsattsaga dalmar da ta riƙe sassan, zafi kuma yana busar da kwandansa. Bugu da ƙari, kayan da aka ƙera don Amurka wuta mai ƙarfin bolt 120 suke sha, alhali ta Nijeriya 230 ce. Idan aka jona su babu taransfoma, nan take sukan ƙone.

Idan hanya ɗaya ce ta katse, mai gyara yakan kankare wurin har tagulla ta fito, ya ɗora gajeriyar waya, ya liƙe da dalma. Wannan aiki ba ya cin kuɗi da yawa, haka ma canza kwandansa. Amma inda allon ya ƙone ya zama gawayi, sai an yanke wurin, domin gawayi yana wuce da wuta. Idan babbar taransfoma ce ta ƙone, wajibi ne a kwatanta kuɗin gyara da farashin wata ta hannu kafin a biya.

Ya kamata masu sana'ar su guji ɗaure fis da waya, su sayi sitabilaiza, kuma kada su buɗe na'urar da kansu, saboda kwandansa tana riƙe wuta ko bayan an cire filogi.