Shin Buddha ne ya ce a kori Rohingya?

Duk lokacin da hotunan 'yan gudun hijirar Rohingya suka sake yawo a Facebook da WhatsApp, sai ka ji ana cewa ai addinin Buddha ne ya umarci mabiyansa su kashe Musulmi. Zaluncin kam ba a musunsa. Daga watan Agustan 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine ta Myanmar zuwa Bangladesh, har Gambiya ta maka Myanmar a kotun duniya da ke Hague a 2019. Akwai kuma limaman addinin irin su Wirathu da suka daɗe suna rura wutar gaba. Amma kafin a ɗora wa koyarwar laifi, ya kamata a ji abin da ta ce.

Siddhartha Gautama, wanda ake wa laƙabi da Buddha, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya bar gida yana ɗan shekara 29, ya yi shekara shida yana gana wa jikinsa azaba da yunwa, har ya gane wannan ma ba mafita ba ce. Bayan ya gano tasa mafitar, a Sarnath ta ƙasar Indiya ya yi wa abokansa biyar wa'azinsa na farko, a kan gaskiya huɗu.

Ta farko, rayuwa ba ta rabuwa da wahala: ciwo, tsufa, mutuwa, rabuwa da masoyi, zama da wanda ba ka so, da rasa abin da ka sa wa rai. Ta biyu, wahalar tana da tushe, wato kwaɗayi. Ta uku, idan kwaɗayi ya mutu wahala ta ƙare, matsayin da suke kira Nibbana. Ta huɗu, akwai hanyar isa can.

Ta biyun ce ke wa mutane wuyar fahimta. Buddha bai ce kada mai yunwa ya nemi tuwo ba. Abin da yake nufi shi ne ƙwallafa rai a kan abin da ba ya ɗorewa, ko daɗi ne, ko mulki, ko ƙuruciya. Kamar mai ƙazuwa ne: susa na yi masa daɗi, amma ita ke faɗaɗa gyambon, kuma da ya tsaya sai ƙaiƙayin ya dawo fiye da na da. Tare da kwaɗayi, koyarwar ta lissafa ƙiyayya da jahilci a matsayin guba uku da ke cin zuciya.

Hanyar kuɓuta tana da rassa takwas: gyara fahimta, niyya, magana, aiki, sana'a, ƙoƙari, lura da zuciya, da tattara hankali. Ko mabiyi na gama-gari yana ɗaukar alkawari biyar, na farkonsu kuwa shi ne kada ya kashe mai rai. Sauran su ne barin sata, lalata, ƙarya da kayan maye. Ashe ke nan limamin da ke tunzura jama'a su ƙona ƙauye ya saɓa wa ƙa'idar farko ta addininsa. Dalai Lama, ɗaya daga cikin manyan jagororin addinin, shi ma ya faɗa a 2017 cewa da Buddha na raye, da ya taimaki waɗannan Musulmi.

Wannan ba ya nufin aƙidarsu ɗaya da ta Musulmi ko Kirista. Babu Mahalicci a cikin koyarwar, kuma sun yi imani da sake haihuwa bayan mutuwa. Bambancin babba ne, ba a ɓoye shi.

Sai dai mu da muka san zafin a auna addininmu da ta'asar Boko Haram, bai dace mu yi wa wasu irin wannan awon ba. A kama sunan sojojin Myanmar da masu zuga su, kuma kafin ka tura saƙo gaba, ka bincika.